Shaguna sun tsaya a linta, firjin asibiti ya mutu, kason wata babu tabbas: ina kansila zai dafa?

Kansilan Gabas ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya sha kaina.

Ni kansila ne, karon farko. Ina cikin waɗanda aka zaɓa a guguwar zaɓukan da jihohi suka yi ta yi bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya haramta naɗa kantomomin riƙo, ya kuma ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kafin nan awon hatsi nake yi, har gobe ina da rumfata, ƙanena ke zama. Sunan ƙaramar hukumarmu kam ku yi mini uzuri, gobe da safe da mutanen nan zan gaisa.

Da aka zo rabon kwamitoci sai aka ce tunda ni ɗan kasuwa ne, in riƙe kwamitin kasuwanci da walwalar jama'a. Suna ga shi nan kamar rawanin hakimi, amma ko fayil ɗaya ba a miƙo mini ba.

Kasuwarmu ran Laraba take ci. A da motocin kudu har kwana suke yi a bakinta suna jiran wake da gero da awaki. Da hanyar dajin da ke yamma da mu ta lalace da 'yan bindiga, sai fatake suka koma kasuwar maƙwabtanmu da ke bakin kwalta. Yanzu an ɗan samu sauƙi, amma ciniki bai dawo ba, don falke in ya saba da wata kasuwa roƙo ba ya dawo da shi. Kantoman da ya gabace mu ya ce zai farfaɗo da ita: shaguna layi biyu, dakalin mahauta, banɗaki, da filin lodin mota. Aka ba ɗan kwangila kafin alƙalami, gini ya kai linta, sai siminti ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2024 har buhu ya haura naira dubu 10. Mutumin ya kwashe leburorinsa, ko sallama babu. Yau awaki ke kwana a ciki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, akwai mata masu ƙuli-ƙuli da daddawa da wasu teloli da suka biya kuɗin kama shago tun a lokacin, aka ba kowa 'yar takarda. Ɗaya daga ciki gwaggon matata ce. Duk inda muka haɗu, suna ko biki, sai ta kwance bakin zane ta ɗaga mini takardar nan daga nesa. Ba ta cewa uffan.

A ɗaya ɓangaren, asibitin mazaɓata firjin allurar rigakafi ya daina aiki, batiran solarsa sun mutu. Burtsatsen bayan firamare injinsa ya ƙone tun kafin azumi, yara sun koma ɗibar ruwa a fadama.

To ga shi ciyaman ya aiko da daftarin kasafin baɗi. An sa ƙarasa kasuwa, an sa gyaran asibiti, an sa sababbin burtsatse goma, har da "tallafin sana'a ga matasa". Na tambayi ma'aji nawa ne zai riƙa shigowa a wata, ya ce, "Honorabul, sai abin da aka turo." Na ce to wanda aka turo a watanni shidan da suka wuce fa? Ya ce sai da izinin ciyaman. Na je wajen ciyaman, ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, kuɗi na nan tafe.

Masu sani, me kansila ke da ikon gani da idonsa? In kuɗin ba su isa duka ba, kuma na san ba za su isa ba, wa ke zaɓar abin da za a fara? Kuma tsakani da Allah, kasuwa zan tsaya a kai ko asibiti? Zuciyata tana kasuwa, amma ina tsoron kada son kai ne.

Ɗan Tasha ya amsa:

Honorabul, da girman kujerarka, kai da ciyaman ɗin ai jirgi ɗaya ya kwaso ku. Wanda ya ba ka tikiti shi ya ba shi. A Kano an yi zaɓe a Oktoban 2024, jam'iyyar gwamna ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 ba ta bar ko ɗaya ba, kuma jihohin sauran jam'iyyu ma haka suka yi, kada wani ya zo ya ce ina ɓangaranci. Wa zai sa wa wa ido? Ka karɓi alawus ɗinka, ka sayi batir da aljihunka, a yi maka addu'a. Sauran duk wahalar da kai ne.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, na yi shekara talatin da ɗoriya a baitulmalin ƙananan hukumomi, na fara daga mai yanka rasit, na ajiye aiki ina ma'aji. Amsar da ma'ajinku ya ba ka ni ma na sha bayar da ita, Allah ya yafe mana. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma tsoro.

Gaskiyar ita ce bai san abin da zai zo ba. Kuɗin tarayya wata-wata ake raba su a zaman FAAC, wato kwamitin rabon kuɗin tarayya, kuma abin da aka tara a watan jiya ake rabawa, na mai da na kwastan da na haraji. Ƙananan hukumomi 774 kasonsu kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. A harajin VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Ɗanyen mai ya faɗi ko dala ta motsa, kasonku ya motsa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, lambar da ake rubutawa ta kumbura ƙwarai. Amma kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin kumburi da ƙiba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024, kuma albashi shi ke fara cin kaso kafin kowa ya wanke hannu.

Sai hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 shi ya kafa asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. A can ake yanke albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau tari ciyaman a rediyo yake jin labarinsu. Abin da ya yi saura shi ke isowa sakatariya. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai shari'a Emmanuel Agim, ta ce a daina bi ta nan. Sai dai daga faɗa zuwa cikawa akwai tafiya. An ce kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Banki, abin ya yi ta jan ƙafa. Anambra doka ma suka yi a Oktoban 2024 da ta sa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun haɗaka bayan kuɗin sun iso musu. A Osun kuwa an riƙe kason watanni a 2025 saboda rigimar su wane ne halastattun shugabanni. Ka ga ma'ajinku bai yi maka ƙarya ba.

Tsoron yana wajen watanni shidan da suka wuce, don wannan ba sirri ba ne. Ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, da sunanta, wata bayan wata. Sa yaro ya sauko maka da shi a waya, ka je shagon kwamfuta a buga maka, ka shiga zaman majalisa da shi a aljihun gaba. Kada ka miƙe ka ce "ina kuɗinmu?" Wannan tambayar 'yan adawa ce, kafin la'asar an ce an saye ka. Ka ce, "Abuja ta rubuta kaza, nawa ya iso nan, me aka yanke a hanya?" Ciyaman da kansa zai iya jin daɗin wannan, don za ta nuna wa jama'a ba shi ya haɗiye duka ba.

Kuma ka daina zuwa ofishin ma'aji kai kaɗai. Kansila ɗaya a bakin ƙofar ma'aji ɗan maula ne. Amma in majalisa ta zartar da ƙuduri, akawu ya shigar da shi littafin zama, ma'aji ya samu abin da zai fake da shi, ya ce wa ciyaman "ranka ya daɗe, ba ni ba ne, majalisa ce." Da yawanmu abin da muke jira ke nan ba mu samu ba. Ku nemi bayanin shiga da fita na kowane wata. Ku nemi fayil ɗin kwangilar kasuwa: takardar ba da aiki, nawa aka biya, da takardar injiniya da ta ce aiki ya kai mataki kaza kafin a biya. Sannan ku nemi rajistar waɗanda suka ba da kuɗin shago. Wannan na ƙarshen shi zai ta da ƙura. In kuɗin matan nan sun shiga baitulmali, takardarsu na da lambar rasit kuma akwai kwafinta a littafi. In kuwa hatimi ne kawai da sa hannu, to a aljihun wani suka kwana. In aka hana ku, akwai Odita Janar na ƙananan hukumomi a jiha, rahotonsa majalisar dokoki yake zuwa, akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Amma waɗannan sanda ce ta bayan ƙofa, kada ka fara da su.

Kasafin da aka cusa komai a ciki kuwa, wuƙa da nama kuka miƙa wa ciyaman, don ranar da kuɗi suka zo rabi shi kaɗai zai zaɓa, kuma kowane ya zaɓa "yana cikin kasafi". Ƙarfinku ɗaya ne, sa hannun nan da yake jira. Kafin ku ba shi, ku jera ayyukan bi da bi a rubuce, na ɗaya, na biyu, na uku, kada a taɓa na biyu sai na ɗaya ya kammala. Ku ɗora lissafin a kan watan da ya fi kowanne muni a bana. In an samu rara, alhamdu lillahi.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ni kasuwa zan ce. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta da banɗakin jama'a, har lasisin keke da amalanke da baro. Kuɗin kasuwa shi ne wanda ba ya biyawa ta Abuja, ba ya biyawa ta gidan gwamnati. Mu mun tarar da tsofaffin ma'aikatan En'e, waɗanda suka yi zamanin haraji da jangali. An yi zalunci a karɓarsu, ba na musu, kuma da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a jamhuriya ta biyu talaka ya yi murna da gaskiyarsa. Amma tsofaffin nan sun san shanu nawa ne a kowace ruga, magidanta nawa a kowace unguwa. Mu da muka gaje su kwanakin wata muka iya ƙirgawa.

Ba na ce ku ƙarasa layi biyu ba. Ku rufe layi ɗaya, ku gyara filin lodi. Kai ka fi ni sanin cewa direban tirela ba shago yake nema ba, inda zai juya mota ba ta kafe ba yake nema, da inda zai kwana lafiya. Sannan ran Laraba ka sammaka ka zauna a bakin kara da biro, ka ƙirga dabbar da ta shiga da motar da ta yi lodi, ka zo ka gwada da abin da masu rasit suka kai baitulmali. Ka zo ka ba mu labari.

Ungozomar Karkara ta amsa:

Baba Ma'aji, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka, amma a wajen kasuwa kafin asibiti ban bi ka ba.

Yallaɓai kansila, ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin ƙauye irin naka, bari in gaya maka abin da mutuwar firji ke nufi. Alluran rigakafi sai an ajiye su a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In babu firji, duk ranar allura sai ɗayanmu ta hau acaɓa tun asuba zuwa hedikwata ta ɗauko a akwatin ƙanƙara, sau da yawa da kuɗin aljihunta. Ranar da babu kuɗin acaɓa, ko ruwa ya cinye hanya, uwaye su zo su zauna a benci har azahar mu ba su haƙuri. Macen da ta roƙi izinin miji, ta taka daga ruga da goyo, aka ce mata babu, ba ta dawowa. Da ma da ƙyar muka shawo kanta. Shagunanka sun yi shekara biyu a linta, in sun ƙara wata uku ba abin da zai same su. Ƙyanda kuwa da zafi ya shigo take shigowa.

Kuma abin ya ƙara muni tun da shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, daga baya aka rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka. Sai a lokacin muka gane abubuwa da yawa da muke ɗauka na gwamnati ne ashe na masu tallafi ne: alawus ɗin masu bi gida-gida, motar da ke kawo wasu magunguna, wani ɓangare na abincin yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a Katsina kaɗai yara 652 suka rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a watanni shidan farko na 2025. To wanda ke cike giɓin a da ya tafi.

Amma kafin ka je kana kokawa da kasafi a kan batir, ka binciki wani abu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, shi ne ake ce wa BHCPF. Tsarin shi ne asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, ana tura masa kuɗi kai tsaye cikin asusunsa duk wata uku, don ƙananan gyare-gyare da magani da irinsu. Shugabar asibiti da shugaban kwamitin raya mazaɓa su ke sa hannu a fitar. Asibitinka yana ciki? Kwamitin yana zama? Kai ka taɓa halarta? Mu yanzu a ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha muke, ba za ka ba mu umarni ba, amma ba wanda zai hana kansila zama a taron kwamitin mazaɓarsa ya ce a karanto masa abin da aka kashe.

Layin nan na "tallafin sana'a ga matasa" kuma ka buɗe ido a kansa. Mun sha gani. A tara yara a sakatariya, a jera kekunan ɗinki da injin markaɗe, a ɗauki hoto a sa a Facebook, ranar kasuwa ka gan su a rumfar 'yan gwanjo. In kuɗin injin burtsatse kake nema, ga inda suke.

Abu ɗaya da zan yarda da Baba a kansa: banɗaki da ruwa a kasuwa. Wannan aikin lafiya ne ko da a shafin kasuwa aka rubuta shi. Wanda ya taɓa kwana yana ɗaura wa masu amai da gudawa ruwa a ƙarƙashin bishiya ya san daga ina take farowa.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

'Yata, a kan firji kin kayar da ni, kuɗinsa ma bai kai na kwanon shago biyu ba. Amma sababbin burtsatse goma ban yarda ba. Kansila, ka sa a ƙirgo matattun da ke ƙaramar hukumarku tukuna. Ana son sabo ne saboda sabo ake ba da kwangila a kafa allo, gyara kuwa ba ya da allo.

Bakano a Birmingham ya amsa:

Ɗan'uwa, kada ka ɗauka Turawa sun tsira. Ina zaune a Birmingham, birni na biyu a Ingila, majalisarsa na da kansiloli 101, ita ce majalisar birni mafi girma a ƙasar. Ran 5 ga Satumban 2023 ta fitar da sanarwar da suke kira sashe na 114, ma'ana ba za ta iya daidaita kasafinta ba, an tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta wajabta. Abu biyu suka durƙusar da ita: bashin mata ma'aikata da aka daɗe ana biyansu ƙasa da maza, wanda a lokacin aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, da wata manhajar lissafi ta kamfanin Oracle da aka yi wa kasafin kusan fam miliyan 19 ta doshi miliyan 100, kuma ba ta yi aiki yadda ake so ba. Gwamnati ta turo kwamishinoni suka zauna a kan majalisar, harajin gida ya tashi da kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024, a Maris ɗin 2025 masu kwasar shara suka shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani har bola ta rufe tituna. Na tura wa mahaifiyata hoto ta ce ƙarya nake, wai wannan bayan kasuwa ne a gida.

Abin da ya sa na kawo maka wannan: a nan duk abin da kake roƙo suna da shi. Tun dokar 2000 yawancin majalisu na da kwamitocin bin diddigi, na kansilolin da ba sa cikin masu zartarwa. Ana wallafa takardun zama kwanaki kafin a zauna, kowa na iya shiga ya saurara, ana ma yaɗawa a intanet, kuma kwamiti na da ikon dakatar da shawara ya ce a sake dubawa. Duk da haka aka faɗa rami. Takarda in an ba ka, wanda ya rubuta ta ya san abin da yake so ka gani. Shawarar Baba ta zuwa bakin kara da biro ta fi mini komai a zauren nan.

Sannan kuɗin raya unguwanni su ma nan na wa'adi ne. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai gwamnati ta kafa wani asusu na maye gurbin tallafin Turai, na shekara uku zuwa Maris ɗin 2025, sai aka ƙara shekara ɗaya da kuɗin da bai kai na baya ba. Cibiyar unguwarmu da yarana ke zuwa a taya su aikin makaranta, ma'aikatanta kwantiraginsu a Maris yake ƙarewa. Da Janairu ta kama, ƙwararrun cikinsu sun fara neman wani aiki, ko da daga baya kuɗin sun zo. Don haka kowane aiki aka kawo muku, ka tambaya: ranar da kuɗin suka tsaya, wa zai biya mai gadi, wa zai sayi batir na gaba?

Na Maradi ya amsa:

Malam kansila, ka gode Allah kana da kujerar da za ka zauna ka yi tambaya. Mu nan Nijar tun Afrilun 2024 sojoji suka rusa majalisun da muka zaɓa a Disamban 2020, magadan gari suka sauka, aka naɗa wakilai. Wasu na aiki, ba na ce ba, amma ba ka da wanda za ka tare a masallaci ka ce kai na zaɓa.

Kuma Baba Ma'aji, kuɗin kasuwa ma ba tabbas gare su ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kasuwannin da ke tsakanin Maradi da Jibiya sun ga tasku watanni, mai yanka tikiti sai ya wuni yana hamma. Kasuwar kansila ma ai hanyar daji ce ta kashe ta, ba rashin shago ba. In hanyar ta sake lalacewa fa?

Kansilan Gabas ya dawo:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Mako uku ke nan, ga abin da ya faru.

Na buga takardar Abuja kamar yadda Baba ya ce. Kafin zama na bi abokan aikina gida-gida da daddare, don na san in na fito da ita ba zato kowa zai sunkuyar da kai. Uku suka ce suna tare da ni, ɗaya a cikinsu da aka zo zaman wayarsa ta yi ta ƙara har ya fita. Shugaban majalisa da farko ya ce batun ba ya cikin ajanda. Da na karanto tambayar yadda Baba ya tsara ta, sai ga ma'aji da kansa ya ce ai ba matsala, in majalisa ta rubuto zai kawo. An zartar, an shigar a littafi, na tsaya sai da na ga akawu ya rubuta.

Bayanin wata biyu aka kawo zuwa yanzu, ba shida ba. Abin da ke saura bayan yanke-yanke da albashi, wallahi da na gani sai da na ji tausayin ciyaman kaɗan. Kaɗan fa. Fayil ɗin kwangilar kasuwa kuwa har yau "ana nema".

Na zauna a bakin kara Laraba biyu. Ba zan faɗi lamba ba, amma abin da na ƙirga kafin azahar ya fi abin da aka rubuta na yini guda. Sarkin kasuwa ya aiko mini da goro da saƙon cewa rana na da zafi, in riƙa hutawa. Ɗan Tasha, ka ji, har an fara kula da lafiyata.

Anti Ungozoma, asibitinmu yana cikin tsarin nan. Shugaban kwamitin mazaɓa ya koma birni da zama tun bara, sai dai a bi shi da takarda ya sa hannu. Na ji kunya, don ni ban ma san da kwamitin ba. Dagaci ya kira taro, an sake zaɓe, an sa mata biyu a ciki. Shugabar asibiti ta ce kuɗin da ke asusu zai sayi batir ɗaya, na biyun sai kaso na gaba. Mai gyaran sola ya ce ɗaya zai riƙe firjin in ba a haɗa masa fanka da cajin waya ba, wanda kuma shi ne ya kashe na farkon.

Kasafi mun sa hannu, amma da jeri a rubuce: injin burtsatse da gyaran matattu, sai banɗaki da filin lodi, sai layin shaguna ɗaya. Sababbin burtsatse sun koma uku. Tallafin matasa ban iya taɓa shi ba, rage shi kawai aka yi, don a nan kowane kansila yake da sunayen da zai bayar, ni ma kuma ina da nawa, ba zan ɓoye muku ba. Maganar hanya da na Maradi ya yi ta tsaya mini a rai, na kai wa hakimi, ya ce zai tayar da ita a taron tsaro. Ciyaman yanzu in mun haɗu "Odita" yake ce mini, yana dariya, ni ma ina dariya.

Rajistar shaguna ta fito. Sunayen teloli suna ciki da lambar rasit. Na matan, rabi babu. Na bi da yatsa sau uku, sunan gwaggo ba ya nan. Ran Asabar akwai suna a gidan yayan matata, kuma na san tana can.

Baba Ma'aji, takardar da ke da hatimi da sa hannu amma ba lambar rasit, akwai hanyar da majalisa za ta amince da ita a ba mai ita shago, ko dole sai an nemo wanda ya buga hatimin?